Ranar da Fijo Ta Tare Ruwan Kanal

Duk wanda yake son sanin yawan injiniyoyin da Allah ya hore wa jihar Kano, kada ya wahalar da kansa zuwa jami'a. Ya biyo titin Zariya, ya ratse a Kura ko ya miƙa Bunkure, ya sami bakin kanal ya tsaya, ya ɗaga bonet ɗin motarsa, ya yi shiru. Kafin ya gama naɗe hannun riga wani ya ajiye fartanya ya taho. Sai ya gama leƙa injin sannan zai tuna da sallama, daga nan ya ce, "Kafireta ce." Na biyu ya zo ya ce ba kafireta ba ce, wuta ce. Na uku ba shi da ra'ayi, amma ya taho da guduma.

Ban ga laifinsu ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangarowa da ƙafarsa ta manyan kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanen wannan yanki suka yi ban kwana da hutun rani. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama da masara. Noman da ba ya tsayawa kuwa ƙarfe yake jawowa gari: injin ban ruwa, injin casa, injin feshi, tarakta, da babur mai ɗaukar kwandunan da ko jaki zai yi ƙorafi. Yaron da ya taɓa kwance injin ban ruwa ya mayar, har Allah ya sa ya tashi, daga ranar ba ya ganin kowane inji da gashi. Ko jirgin sama ka kawo masa, cewa zai yi a miƙo sifana goma.

Motar tawa Fijo ce 504, salun, ruwan madara, haɗin Kaduna. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashin Udoji yake ƙaiƙayi a aljihun ma'aikata, kuma a shekarar ce 504 ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya. Marigayi mahaifinmu bai taɓa gajiya da ba da wannan labari ba, duk da shi kansa ko a titin Zariya keke yakan nemi ya ba shi hanya. A mulkin soja na Obasanjo ita ce motar gwamnati, don haka duk wanda ya hau ta a ƙauye sai an leƙa an ga ko wani babba ne. Mahaifinmu bai same ta sabuwa ba. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, manoman kanal suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, shi ne ya saye ta a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka yi ta rububin gona, ni kuwa da yake malamin makaranta ne, mai sanin darajar tarihi, aka haɗa ni da mota da 'yar guntuwar gona can wajen Bunkure. Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ya riƙa tuƙa ta shekara da shekaru, ya miƙo mini makulli ya ce, "Ba ta da matsala ko ɗaya. Kada dai ka cika bincike."

Da sanyin bana ta fara wani ɗan ƙara daga cikin inji, kas-kas-kas, musamman da asuba kafin ta ɗauki zafi. Ga baƙin mai kuma yana tsattsafowa ta gefen murfin saman inji, yana ɗiga kan bututun salansa, hayaƙin yana biyowa har kujerar baya. Uwargida ta shaƙi mayafinta wata rana ta ce, "Malam, in dai a wannan motar za a je gidan sunan nan, ka ba ni kuɗin adaidaita, ma haɗu a can." Na kai ta wajen wani matashin bakanike, ya kara kunne, ya ce tafet ne, sai an buɗe murfi an saita, a sa sabon gasket. Da ya faɗi kuɗin aikin sai da na nemi wurin zama. Lokacin kuwa tumatir ya faɗi warwas a Kwanar Gafan, ka kai kwando ka dawo da abin da bai biya masu tsinka ba.

A daren na duba waya, na sami wani Bature a garejinsa mai daɓen tayil, da safar hannu, yana wannan aikin. Ya kwance notoci, ya sa yatsu biyu ya ɗage murfin, ya ajiye a kan tawul. Ko gumi bai yi ba. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, na tsaya wani yaro ya yanke ni a kan abin yatsu biyu?

Kuma aikin a ka'ida ba shi da wuya. Injin 504 a kishingiɗe yake, an kwantar da shi gefe guda da kusurwa 45 don goshin motar ya yi ƙasa. Ƙarƙashin murfin nan akwai 'yan ƙarafa takwas masu sunkuyawa suna danna bawul, kuma tsakanin kowanne da bawul ɗinsa ana barin 'yar tazara, 0.10 na milimita a bawul ɗin shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi, ana aunawa inji na sanyi. In tazarar ta yi yawa sai ka ji kas-kas. Fulogi kuma suna can cikin dogayen bututu da suka ratso ta jikin murfin. Kan silindar da murfin yake zaune a kai na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi da ba ya son tsokana, murfin kansa kuma falle ne marar kauri. Duk wannan na haddace shi kafin in kwanta.

Saboda na san halin mutanenmu, ban yi aikin a ƙofar gida ba. Ranar Asabar na tafi gona, na sami gindin wani mangwaro a gefen hanyar gonaki, inda ƙasar ta ɗan gangara zuwa ƙaramin kanal na ƙasa da ke raba ruwa ga layinmu. Hambirkin motar ya riga mahaifinmu rasuwa, don haka na bar ta a giya, na ɗauko dutsen da nake yawo da shi a but na yi mata weji. Na zare wayoyin fulogi, na kwance notoci, kowanne ya fito salin-alin, na jera su a cikin hulata. Na yi bismillah, na sa yatsu biyu.

Na sa yatsu biyar. Na sa hannu biyu. Na dafa ƙafa ɗaya a bamba na ja har sai da na ji wani abu ya amsa a ƙuguna. Murfin nan ya manne wa injin kamar ƙanzo a gindin tukunya, babu ko alamar inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

"Sannu da aiki, Malam. Kafireta ce?"

Mai gyaran injin ban ruwa ne na yankin, da jakar kayan aikinsa a bayan babur. Ban san ta inda ya ɓullo ba. Na ce masa ba komai, ɗan murfi ne kawai nake cirewa. Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa mutumin birni da ya zo koyon huɗa, ya ce, "Malam, ai ba a lallashin ƙarfe." Kafin in tuna masa da zancen alminiyam ya zaro sukudireba mai tsawon kamu, ya cusa a gefen murfin, ya danna da dukkan nauyinsa. Leɓen murfin ya lanƙwashe sama. Sauran jikin bai san ana yi ba. Ya koma ɗaya gefen ya yi masa irin wannan, wai don su daidaita.

Zuwa hantsi masu tsinkar tumatir na gonar maƙwabta sun bar kwandunansu. Wani dillali da ya zo ganin albasa ya fasa. Yara sun hau mangwaro don su fi gani. Mai shayin da ke bin 'yan ƙwadago da butarsa ya ga inda kasuwa ta koma, ya sauke kayansa a inuwar motata. Wani ya ce kananzir, aka tsiyaya kananzir. Mai shayi ya ce ruwan zafi yana sakin komai, ya juye rabin buta a kan injin, yana yi yana faɗa wa yaronsa ya riƙe lissafi. Mai injin ban ruwa ya ce a'a, zafin ciki ake so, a tashi motar ta yi ɗumi. Ya shiga, ya mayar da giya firi, ya yi ta murza makulli har batir ya fara nishi, sannan wani yaro daga kan reshe ya ce, "Ai wayoyin suna ƙasa." Ya fito yana cewa dama gwada batir ɗin yake yi. Giyar dai ya bar ta inda ya sa ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wani Bafulatani da ya tsaya can gefe, sanda a wuya, shanunsa suna kiwo a bakin hanya. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Da aka tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce, "Ni dai na ga bai ce zai fito ba." Aka yi dariya aka watsar. A duk taron nan shi kaɗai ne bai karɓi ko sisi a hannuna ba daga baya.

Sai ga wani dattijo, ɗan asalin cikin garin Kura, ya ratso taron da sandarsa. Su mutanen Kura, tun kafin a yi mafarkin Tiga suna da abin alfahari. Garin rini ne da bugu. Baƙin rawani mai sheƙin nan da Buzaye suke naɗawa har Agadas, ɗan Kura ake ce masa, kuma sheƙin ba daga baba kaɗai yake zuwa ba, daga dukan da masu bugu suke yi wa yadin ne a kan gungume, da gudumar katako mai nauyi. Dattijon ya ce a wannan sana'a ya yi ƙuruciyarsa. Ya ce kuskurenmu shi ne muna haɗa ƙarfe da ƙarfe, katako ake sa wa irin wannan. Na yi farat na ce haka ne, Baba, Baturen ma haka ya ce, a ɗan ƙwanƙwasa da katako ta gefe. Kalmar "ɗan" da kalmar "gefe" iska ta tafi da su. Aka tura jikansa a babur ya ɗauko gudumar.

Na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin tsoho ya koma saurayi a gabana ba sai ranar. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa jikan, ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara tsayuwa. Dukan farko ya sauka a tsakiyar murfin, dim. Na biyu, dim. Daga nan hannun ya tuna da aikinsa, duka ya kama tsari, dim-dim, dim-dim, yana bin murfin daga gaba zuwa baya, ba ya tsallake ko tafin yaro. Yaran kan mangwaro suka fara tafi a kan kiɗan. Ina cewa "Baba, ya isa," yana cewa "Saura gefen nan." Da ya gama ya ja da baya yana haki, fuskarsa cike da annuri. Murfin ya lotsa ta ko'ina, ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi daga tsohon baban da ke jikin katakon, ya yi sheƙin da bai taɓa yi ba tun daga Kakuri. Motsi kuwa babu.

Mai injin ban ruwa ya ga an ƙwace masa fage, ya dawo da sukudirebansa ya ce yanzu ya yi laushi, a ba shi abin da zai doka ta shige. "Kai yaro, kawo dutse!" To, wanda ya san gonakin kanal ya san dutse ba ya tsirowa a nan. Ƙasa ce da laka, an baje ta da katafila tun zamanin da aka yanka gonakin. A duk faɗin filin nan dutse ɗaya ne tak, wanda na taho da shi daga gida. Yaron kuwa mai biyayya ne, ba a aike shi ya dawo hannu rabbana ba. Ni a lokacin kaina yana cikin inji, ina kare alminiyam da tafin hannu.

Ana cikin haka Baffa ya iso a kan kekensa, don labari ya riga ya kai gari. Ya leƙa, ya ga abin da ake nema a cire, sai na ga ya ɗan ja da baya ya shiga gyaran hula. Na ce, "Baffa, ka taɓa ganin ya yi irin wannan taurin?" Ya ce, "Ni dai da kun bar shi." Ya koma wajen mai shayi ya zauna, ya juya mana baya. A lokacin na ɗauka tausayin motar ɗan'uwansa ne ya kama shi.

Dabarar ƙarshe ta dillali ce, mutumin da ya saba ganin ana loda buhu. Ya ce tun da ja daga ƙasa ya gagara, a ja daga sama. Aka samo ƙugiyar ciro guga daga rijiya, aka saƙala haƙoranta a leɓen da sukudireba ya lanƙwasa, aka ɗaura igiyar rijiyar, aka wurga ta kan babban reshen mangwaro. A matsayina na malamin kimiyya na yi wa taron ɗan bayani a kan yadda reshe yake juya alƙiblar ƙarfi, har wani ya ce "Allah ya ƙara sani." Majiya ƙarfi suka kama igiya. Dillali ya ba da baki. Suka ja, gaban motar ya ɗaga. Suka saki, ya sauka. Suka ja, ya ɗaga. A sauka ta gaba tayoyin suka fita daga ɗan gurbin da suka yi wa kansu a ƙasa, Fijo ta tuna ba giya, ba weji, ba hambirki, ta kama hanyar kanal.

Ba gudu ta yi ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Tafiya ta yi ta natsuwa, irin ta marigayi, bonet a ɗage, ina biye da ita ina riƙe da madubi ina cewa "Tsaya, tsaya." Masu igiya suka ga tana jan su, wani mai wayo ya naɗe ƙarshen igiyar a jikin reshen ya ɗaure. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara. A wannan daƙiƙar na ce a raina, to, alhamdu lillahi, ko ba komai yanzu murfin zai fita. Reshen mangwaro ne ya fita. Ya tsage tun daga kafaɗa, ya faɗo da furensa da yara biyu, waɗanda Allah ya sa a kan tulin kwandunan wofi suka sauka suna dariya. Fijo ta ja reshen a baya, ta sa tayoyin gaba a cikin kanal, ta durƙusa, ta yi shiru.

Ruwan kanal rabo ne, kowane layi da ranarsa, kuma ranar ta layinmu ce. An buɗe ƙofar ruwa tun azahar. Ruwa ya taho ya tarar da mota a kwance a hanyarsa, da reshe da ganye sun cike sauran gurbin, sai ya yi abin da ruwa ya saba, ya nemi inda ya fi ƙasa. Inda ya fi ƙasa kuwa fangalin albasar maƙwabcina ne, wadda ya yanke wa ruwa da gangan saboda ta kusa cira, don albasar da ta sha ruwa dab da cira ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi a rumbu. Can ƙasa kuma mai alkama yana tsaye da bututun zuƙo ruwa a hannu, yana jiran rabon da ya kwana yana lissafi, ya ga kanal ya ƙafe. Suka iso a tare, ɗaya daga gabas yana kukan ruwa ya yi yawa, ɗaya daga yamma yana kukan babu. Da farko ma junansu suka fara zagi, sai da suka ga motar suka haɗa kai.

Shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na layinmu ya zo, mutum mai sanyin hali. Ya zagaya motar, ya ce shi a aikin nan ya ga ciyawar kachala ta toshe kanal, ya ga yashi, ya ga mushen jaki, amma Fijo yau ya fara gani, kuma bai san a wane babi na dokar ƙungiya zai sa ta ba. Aka ɗauko shanun huɗa guda biyu aka ɗaura a bayanta, mutane suka shiga ruwa suka tallafi gaba, aka fito da ita ana kabbara. A gona ta kwana. Ni na koma gida a bayan keken Baffa, hulata cike da notoci a cinya. Uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa, laka har gwiwa, ta ce, "Malam, an saita?"

Washegari Baffa da kansa ya ce akwai wani tsohon bakanike a Kura da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Fijo, tun ana yayin 404. Aka ɗauko shi a babur. Ɗan siririn tsoho ne, da tabarau ɗaure da zare, kayan aikinsa duka a cikin tsohon buhun taki. Bai taɓa motar ba sai da ya sha shayi. Sannan ya sunkuya, ya dubi lotsawar murfin, ya dubi shuɗin, ya dube ni, bai tambaya ba. Ya bi bakin murfin da farcen babban yatsa a hankali, ya ɓanɓaro wani ɗan abu mai ruwan toka, ya kai hanci, ya sa a haƙori ya gatsa.

"Wannan ba gasket ba ne," in ji shi. "Wa ya rufe shi na ƙarshe?"

Baffa ya ɗaga kai yana nazarin inda reshen mangwaro ya tsage.

"Alhaji, da kai nake."

Sai labari ya fito, guntu-guntu. Wai wata shekara, tun marigayi yana da rai, suna dawowa daga ɗaurin aure da daddare gasket ɗin ya yage, mai yana zuba. Baffa ya sami kwalin sukari a wajen wani mai tebur, ya yanka shi daidai bakin murfin, ya sayi gam ɗin nan mai bututu biyu da ake cuɗawa a liƙe lagireto, ya shafa sama da ƙasa, bai yi rowa ba, ya ɗaure. Tun daga ranar zafin inji yake gasa shi, sanyin asuba yana ƙara masa tauri. Na ce, "Haba Baffa! Jiya kana zaune kana shan shayi muna neman kashe kanmu?" Ya ce, "Ka tambaye ni ko na taɓa ganin ya yi tauri, ban taɓa gani ba, don ban taɓa neman buɗe shi ba. Kuma tsakani da Allah, shekara nawa ya yi bai ɗiga ba? Wane gasket ɗin kanti ne zai yi wannan?" Tsohon bakanike ya gyaɗa kai ya ce aikin kam ya yi kyau.

Daga cikin buhun taki ya zaro wani guntun zarton ƙarfe da aka goge wa haƙora, aka wasa shi ya yi siriri, an naɗe gindinsa da robar tayar keke. Ya nemi kusurwar da man yake tsattsafowa, inda gam ɗin ya riga ya gaji, ya zura bakin a kwance, ba ya ɗagawa, ba ya murɗawa, turawa kawai yake yi cikin kwalin kansa yana yanka shi biyu. Ya ci gaba ɗan kaɗan, ya zare, ya goge a wando, ya mayar. Yana yi yana ba Baffa labarin wani direban tasha da suka sani. Taron jiya ya sake haɗuwa, amma yau ba mai magana, sai mai injin ban ruwa da ya ce wa na kusa da shi dama abin da yake shirin yi ke nan aka kawo igiya. Da tsohon ya zagaye murfin, ya ɗiga ɗan mai a robobin da ke wuyan bututun fulogi, waɗanda su ma sun bushe sun riƙe, ya murza su da yatsa. Ya karɓi guntun reshen mangwaron jiya, ya ɗora a gefen murfin, ya buga da tafin hannu. Murfin ya ce ɓas. Ya sa yatsu biyu ya ɗage shi.

Ya ɗauko ma'aunin tazara, 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba, ya sa aka juya injin da hannu, ya bi bawul takwas ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya ce, "Wa ya ce maka tafet ne? Duk daidai suke." Ya mayar da wayoyin fulogi, yana mita cewa Faransawa daga bayan inji suke fara ƙidayar silinda, yaran yanzu kuwa daga gaba suke farawa su ce mota ta lalace. Ya ɗora murfin haka nan, aka tura ta ta tashi. Kas-kas-kas. Ya kara bayan hannu kusa da inda bututun hayaƙi ya haɗu da kan silinda, ya ce a kashe. Noti ɗaya ne ya saki a wurin, hayaƙi yana tsartuwa ta kafar, in ƙarfen ya yi zafi ya kumbura sai kafar ta rufe, shi ya sa da asuba kawai ake ji. Ya sa sifana ya ɗaure. Ko atishawa ta fi shi daɗewa. Aka sake tayarwa, inji ya yi luf.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa wannan bincike ne, kuma ya yi amfani, don ba don an buɗe ba da har yanzu ba wanda ya san lafiyar tafet ɗin nan. Uwargida tana da nata ra'ayin, amma ita ba ta karanci kimiyya ba.

Abin da ya biyo baya lissafi ne. Mai albasa, bayan shugaban ƙungiya ya shiga tsakani. Mai mangwaro, wanda ya ƙirga furen reshen a matsayin 'ya'yan da suka nuna. Mai shanun huɗa. Mai igiya da ƙugiya. Mai shayi, da kuɗin ruwan zafi da na shayin Baffa. Dattijon bugu bai nemi komai ba, ya dai aiko jikansa ya ji ko na gamsu da aikin, wanda kowa ya san ma'anarsa. Mai alkama ya yafe, da sharaɗin in daina gyaran mota a layinmu. Murfin kuwa ya tashi daga aiki, sai da na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, na yi ta bin rumfuna kafin a zaƙulo mini wani daga ƙarƙashin tulin ƙarafa, tare da sabon gasket a leda. Wancan mai sheƙin yana nan a gida, kaji suna shan ruwa a ciki.

Ranar rufewa na tsaya a kan tsohon bakanike, don in ga an yi komai bisa ƙa'ida. Ya kankare tsohon gam da haƙuri, ya wanke bakin da fetur, ya bi shi da yatsa. A wuri biyu yatsan ya tsaya, inda sukudireba da dutse suka yi wa alminiyam rami. Ya ɗora sabon gasket, ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan ramin roba ba za ta cike shi ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da bututu biyu, ya fara matsa su a kan murfin gwangwani yana cuɗawa da tsinken ashana. Baffa, da ke zaune a inuwa, ya yi wata 'yar dariya ya ce a shafa da yawa, kada a yi rowa.

Na ce, "Baba, to wanda zai buɗe shi nan gaba fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, kana da ɗa namiji?"

Na ce ina da shi, yana aji uku.

Ya ce, "To, miƙo notocin."